An Yi Bara da Sunana a Samaru

Na sauka a Kwangila da la'asar, jaka a kafaɗa, sanda a hannun dama, kwamfutata kuma naɗe cikin tsohon zanen matata na rungume ta a ƙirji. Sunana Isuhu, mutumin Damagaram ne ni, malami a makarantar makafi, ni ma ƙyanda ce ta tafi da idanuna tun ina yaro. Karatun digiri na biyu ya kawo ni Zariya. Ina tsaye ina sauraron inda ake kiran Samaru, sai wani bawan Allah ya kama hannuna ya cusa mini kuɗi, ya ce in sa shi a addu'a. Na ce masa ni ba bara na zo ba, mota nake nema. Ya yi ta ba ni haƙuri, har ya raka ni ya sa ni a mota.

A Bomo na samu ɗaki, gidan wata dattijuwa da kowa ke kira Mama Saratu. Bazazzagiya ce, Kirista, tana aikin kula da coci a Samaru. Ranar farko ta zaga da ni gidan tana ɗora hannuna a kan komai, ga randa, ga igiyar shanya, ga dakalin da ke kayar da masu ido ma. Daga nan ba ta ƙara riƙe mini hannu ba sai na nema. Ɗaliban da ke sauran ɗakunan kuwa dariya suke yi in na ce lakwal maimakon makaranta, ni ma in sun haɗa Hausa da Turanci a jimla ɗaya sai in tsinci rabi in bar rabi. Da Faransanci na yi karatuna, Turancina na littafi ne, bai saba da baki ba.

Abin da nake taƙama da shi a wannan baƙunta shi ne kwamfutar nan. Akwai murya a cikinta da ke karanta mini duk abin da ke kan allo, akwai kuma wata tsohuwar manhajar imel da Malam Habu ya sa mini. Malam Habu shi ne babbanmu a makaranta, makaho ne shi ma, shi ya koya mini rubutun makafi, daga baya ya koya mini kwamfuta. Manhajar ta girmi wasu ɗaliban gidanmu. Ba hoto a cikinta, ba ado, rubutu ne zalla, komai da madannai ake yi, yatsuna sun san hanyarta kamar tsakar gidanmu. Gefe ɗaya wasiƙu, ɗaya gefen zauren tattaunawa inda malaman makafi na ƙasashe da dama ke musayar littattafai da shawara. Waɗanda suka ƙirƙiro ta sun daɗe da watsar da ita, wasu 'yan sa-kai ne ke ta yi mata faci.

Da na je gaida malamar da za ta duba bincikena, Dakta Maryam, ta ce za ta haɗa ni da ɗalibin da zai riƙa karanta mini takardu.

"Ranki ya daɗe, ba sai an wahalar da kowa ba," na ce. "Ki turo komai ta imel, da kaina nake karantawa."

"Ka tabbata, Malam Isuhu?"

"Na tabbata."

Haka aka yi, kuma abin ya tafi daidai har damina ta yi nisa. Wata safiya na buɗe manhajar, muryar ta ce an ƙi karɓar kalmar sirri. Na sake bugawa a hankali. An ƙi. Na ɗauka matsalar sabis ce, na jira washegari, na hau mashin zuwa cikin jami'a inda sabis ya fi ƙarfi, amsar dai ita ce.

Zauren bai rufe ba, a can na fahimci abin da ya faru. Ashe an daɗe ana maganar, ni ne nake tsallake ta saboda Turancin masu gyara ne. Kamfanin da ke riƙe da akwatin wasiƙuna ya daina yarda da kalmar sirri ita kaɗai. Yanzu sai ka buɗe shafinsu, ka nuna kai mutum ne ta hanyar zaɓen wasu hotuna, su turo lamba a wayarka, sannan su ba manhajarka izinin shiga na ɗan lokaci. Tawa manhajar ba ta san wannan gaisuwar ba. Hotuna ba na gani. Layin wayar da na ba su tun shekarun baya kuma ya daɗe da mutuwa. Ko tambaya ba na iya yi a zauren, don karatu ne kawai a buɗe, rubutu sai ya bi ta imel wurin mai kula da zaure.

Ofishin Dakta Maryam ba nisa, na san hanya. Sau da yawa na kai bakin matakala na tsaya, in tuna yadda na ce mata na tabbata, sai in juya. Na ce wa kaina bari in gyara tukuna, in na gyara ba wanda zai san an yi.

Wani mai mashin ne ya kai ni wani shago a bakin titin Samaru, cikin jerin masu buga takardun ɗalibai. Mai shagon ana ce masa Injiniya. Muryarsa da daɗi, ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini ruwa mai sanyi.

"Malam, wannan ai ƙaramin abu ne. Faɗa mini kalmar sirrin."

Na sunkuya na faɗa masa a kunne. Ya tambaye ni shekarar da na buɗe akwatin da sunayen waɗanda nake yawan rubuta wa, ya ce kamfanin ne ke tambaya. Ya ce in dawo jibi. Da na dawo ya ce an buɗe, amma lambar wayarsa ya sa, tunda tawa ta mutu.

"Wannan tsohuwar manhajar taka kuwa ka manta da ita, ta gama zamaninta. Duk lokacin da kake son wasiƙa ka zo nan in duba maka."

Na biya shi, na yi godiya har da addu'a. Na riƙa zuwa, kullum ya ɗan daddanna ya ce ba sabon saƙo. Na yi mamakin shirun Dakta Maryam, amma na ce wataƙila aiki ne ya yi mata yawa.

Wata ranar Asabar da hantsi ina zaune a ɗaki ina bin zaure, Mama Saratu na tsakar gida tana gyaran wake, sai muryar ta karanto sunana a kan wani sabon batu. Wata malama ce daga wata ƙasa take tambaya ko akwai wanda ya san halin da Isuhu yake ciki, ta samu saƙo daga gare shi, hankalinta ya tashi. Ta liƙa saƙon a ƙasa. Muryar ta karanta shi yadda take karanta komai, ba ɗagawa ba saukarwa. Wai ni makaho ne a ƙasar da ba tawa ba, an kore ni daga ɗaki, ina kwana a tashar mota, rabona da abinci tun shekaranjiya, duk wanda Allah ya ba iko ya taimaka ta wannan asusun. A ƙarshe ga cikakken sunana, har da sunan makarantarmu.

Na sa ta maimaita. A ƙasa mutane sun fara amsawa, wannan ya ce shi ma ya samu, wancan ya ce a haɗa hannu. Mutanen da na yi shekaru ina gardamar hanyoyin koyarwa da su, ina gyara musu Faransanci. Ina jinsu suna tausayina, ba ni da bakin cewa ƙarya ne.

Wayata ta yi ƙara, ta faɗi sunan Malam Habu. Na bar ta ta katse. Ta sake, na sake bari. Sai a kira na gaba na ɗauka.

"Isuhu, kana ina yanzu?"

"Ina ɗakina, Malam. Wallahi ba ni na rubuta ba. Wani ne ya shiga akwatina."

"To," in ji shi. Ya sake cewa, "To, to. In dai akwai wani abu, ni ba baƙo ba ne."

"Ba komai, Malam."

"To."

Na san wannan "to" ɗin nasa. Da ita yake amsa wa yaron da ya ce ba shi ya fasa tulu ba.

Ban fita cin abinci ba ranar. Da azahar ta wuce Mama Saratu ta buga ƙofa ta shigo da kwanon fate.

"Malam, lafiya? Tun safe ban ji mutumin nan naka yana surutu ba." Haka take kiran muryar kwamfutar.

Na so in ce zazzaɓi ne. Sai na ji bakina yana ba ta labari tun daga farko. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Ci abincinka. Litinin da safe ka sa rigarka mai kyau."

Ranar Litinin muka hau Keke zuwa shagon. Ban ji ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ta ari benci wurin mai shayi, ta gindaya shi a bakin ƙofar, ta zaunar da ni, ta zauna. Duk ɗalibin da ya zo da takarda sai ta gaishe shi ta ce, "Ɗana, kafin ka shiga, ka ga malamin nan? Baƙo ne daga Nijar. Mai shagon nan ya karɓi sirrinsa ya yi bara da sunansa." Ni kuwa ina zaune kaina a ƙasa, ina jin takun mutane na tsayawa, ana ƙus-ƙus, wata na cewa "Eyya, bawan Allah." Na ja gefen zanenta na ce mu tafi, abin ya ishe ni.

"Zauna," ta ce. "Ba kai ka yi abin kunya ba."

Na san gaskiya ta faɗa, amma ni ake kallo.

Injiniya ya fito yana rantsuwa, wai 'yan damfara ne daga waje, wai shi taimako ya yi. Muryar nan mai daɗi ta koma siririya. Mama ta ce ita ba ta zo gardama ba, layin da lambar ke shiga take so, in ba haka ba tana da abin zama har magariba, gobe ma ba ta da aiki. Maƙwabtansa suka sa baki, don su ma taron ya hana su ciniki. Can na ji ƙaramin abu ya faɗo a kan benci. Ya cire layin daga wayarsa ya jefo.

Daga nan Sabon Gari muka nufa, wurin wata mai gyaran kwamfuta da suke zumunci, Madam Ngozi. Iyayenta daga kudu suka zo, ita a nan aka haife ta, Hausarta ta fi tawa zama ta Zariya. Shagon yana bayan kasuwa, janareto na ruri ta ko'ina, warin dalma da na soyayyen kifi sun cika wurin. Ta sa layin a wayarta, ta karɓi lambar, ta cire ta Injiniya ta sa sabuwar lambata ta Najeriya. Da aka zo sabuwar kalmar sirri ta turo mini madannan.

"Buga da kanka, Oga. Na juya baya. Ko ni kada ka faɗa wa."

Sannan ta ce abin da kowa ke cewa, in bar tsohuwar manhajar in riƙa buɗe wasiƙuna a shafin kamfanin. Na ce ta saurara. Na buɗe shafin na saki muryar, ta shiga zuba: maɓalli, maɓalli, hoto, talla, maɓalli marar suna. Madam Ngozi ta ce bari ta gwada da ido rufe. Na ji tana daddannawa, tana tsaki, can ta fashe da dariya.

"Kai, wannan ai kasuwar Sabon Gari ce ranar jajibiri. To tsohuwar taka, yaya za a yi da ita? Ni ban taɓa ganin irinta ba."

Na ce akwai wani dattijo cikin masu yi mata faci da ya rubuta bayani a zaure. Ya haɗa wata 'yar ƙaramar manhaja da ke zama a tsakani kamar tafinta. Tsohuwar za ta ba ta kalmar sirri yadda ta saba, ita kuma ta je wurin kamfanin da sabuwar gaisuwa, ta karɓo izini, ta riƙa sabunta shi in ya ƙare. Sau ɗaya kawai ake buƙatar mai ido, a farkon haɗawa.

Ba a rana ɗaya muka gama ba. Na yi ta zirga-zirga tsakanin Bomo da Sabon Gari, wata rana ruwa ya tare ni a Dogarawa na isa a jiƙe. In ta samu sararin masu kawo gyara sai mu zauna, ni in sa muryar ta karanto bayanin dattijon layi-layi, in faɗa mata inda saitin tsohuwar yake, ita ta sauko da tafintan ta cike abin da ake cikewa. Muka yi kuskuren lamba a wuri ɗaya, muka gano. Muka zo kan hotuna, ta ce wai a zaɓi duk inda keke yake, ta zaɓa. Lamba ta shigo wayata, wayar ta karanta mini, na buga. Kamfanin ya ba da izini, tafintan ya ce izinin ya riga ya ƙare. Muka sake, haka. Muka sake.

Ranar na ce mata a bari. Na ce wataƙila gaskiyar mutane ce, abin ya tsufa, in koma in ce wa Dakta ta ba ni mai karanta mini.

"Tsaya tukuna," ta ce. "Tambayi mutumin naka yau nawa ga wata."

Na tambaya. Muryar ta faɗi wata rana ta shekarun baya, tun kafin in yi aure. Ɗan batirin da ke riƙe agogon kwamfutar ne ya mutu, duk izinin da aka ba ta sai lissafin lokacinsa ya rikice. Madam Ngozi ta kwance bayan kwamfutar, ta sa sabo, ta ɗora tsohon a tafin hannuna, bai fi maɓallin riga ba. Muka gyara agogo, muka sake bin hanyar tun daga hotuna.

Sai na ji ƙarar nan da na yi makonni ban ji ba, 'yar ƙararrawar shigowar wasiƙa, ta buga, ta sake bugawa, ta ƙi tsayawa. Madam Ngozi ta tafa hannu. Ni ban iya murna ba, na san abin da ke ciki. Ta lura, ta miƙo mini abin sa wa a kunne, ta ce za ta je ta sayo alala, in kula mata da shago.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Da a ce zagina suka yi da ya fi mini sauƙi. Wani abokin karatuna ya rubuta cewa ya san ni, ba zan roƙa ba sai abin ya kai maƙura. Wata tsohuwar ɗalibata ta ce ta yi kuka. Wasu sun ce sun tura abin da ya sawwaƙa, in yi haƙuri ba yawa. Saƙonnin Dakta Maryam suna nan a jere, duk an buɗe su ba a faɗa mini ba: gyaran babi na farko, sanarwar ranar da zan gabatar da tsarin bincikena, tunatarwa, sannan tambayar me ya hana ni zuwa. Na ƙarshe gajere ne. Ta ce ta ga saƙona, in zo ofis in same ta, kada in ji nauyi, ba wanda zai sani.

Kwanaki na yi ina rubuta amsa, kowa da tasa, ban yarda in tura guda ɗaya ga kowa da kowa ba. Na rubuta wa zaure, mai kula da shi ya saka, ya ƙara da gargaɗi a kan ba wa masu shago kalmar sirri, da sunana a matsayin misali. Abin da mutane suka tura bai dawo ba. Shagon Injiniya ma an ce ya rufe ya bar unguwar.

Na hau matakalar nan na shiga ofishin Dakta Maryam. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Malam Isuhu, daga bakin matakalar da ka riƙa tsayawa zuwa ƙofar nan ai ko sanda ba ka buƙata." Ranar gabatarwa ta wuce, sai zango na gaba, haka na ƙara wata da watanni a Zariya ban yi niyya ba. Manhajar tana aiki har yau. Lokaci-lokaci kamfanin kan sake wani sabon sharaɗi, dattijon ya sake faci, ni kuma in hau mota zuwa Sabon Gari a zaɓa mini kekuna.

Da aka yi hutu na koma Damagaram. A makaranta ba wanda ya tayar da maganar, gaisuwa ce kawai ta yi tsawo fiye da yadda aka saba. Na tarar da Malam Habu a kan tabarmarsa a inuwar ofis. Na durƙusa na miƙa masa hannu. Bai sake shi ba. Ya zagaye tsintsiyar hannuna da yatsunsa, ya matsa, ya hau zuwa damtse, ya taɓa kafaɗa, ya shafa kumatuna kamar yadda yake yi wa sababbin yara in an kawo su daga ƙauye.

"Wa ke ba ka abinci a can?" ya ce.

"Wata dattijuwa ce, Malam, mai gidan da nake haya."

Ya sake matsa damtsen, ya saki ajiyar zuciya.

"To," in ji shi. "Ashe da gaske ba kai ba ne."